Yadda Ake Rarrabe Dabbobi Masu Shayarwa da Ke Yin Ƙwai, Mataki-Mataki

Tambayar nan ta sha zuwa mini daga ɗalibai masu shirin jarrabawa da malamai masu son zana jadawali a allo: dabbar da ke yin ƙwai kuma take shayar da ɗanta, ina za a ajiye ta? Cikin tsuntsaye, ko wajen su ƙadangare, ko kuwa sahu ɗaya da saniya da akuya? Wasu sun san amsar a dunƙule, amma da an ce su bi matakan rarrabewa ɗaya bayan ɗaya har su kai ga sunan kimiyya, sai zaren ya kuɓuce musu. Shi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa aikin tun daga tushe, yadda duk wanda ya riƙe hoto ko bidiyo ko takardar tambaya zai iya kai dabbar mazauninta da kansa.

Abin da na lura yana jefa mutane cikin ruɗani shi ne fara bincike da maganar ƙwai. A wannan aiki jerin tambayoyin ya fi komai muhimmanci, kuma ƙwai sai an yi nisa ake zuwa kansa. Ka bi matakan yadda na jera su, kada ka tsallake ko ɗaya, ko da kana ganin ka riga ka san amsarsa.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Ka nemi babbar takarda mara layi, fensir, magogi da rula. Fensir na ce, domin za ka yi gyara fiye da sau ɗaya. Sai taswirar duniya wadda ta nuna Ostireliya da tsibiran da ke arewa da ita sosai. Sai hotuna: ga kowace dabba ka sami aƙalla uku, ɗaya daga gefe, ɗaya na kai da baki, ɗaya na ƙafar gaba inda farata suka fito fili. Wannan na ukun shi ne mai wuyar samu, kuma shi ne zai cece ka a mataki na 9.

Ban da takarda da ɗan datar sauke hotuna, babu wani kuɗi da aikin ke ci. Awa biyu sun isa ga mai yi karon farko.

Gargaɗi: ka ɗauki hoto daga gidajen tarihi, jami'o'i ko gidajen namun daji. Zanen katun da hotunan da kwamfuta ke ƙirƙirowa sukan ƙara yatsu ko su rage, su ba dabbar haƙora ko kunnuwan da ba ta da su. Idan kana son zane mai kyau na gwaji, kuɗin ƙarfe na Ostireliya na ɗauke da biyu daga cikinsu: filatifus, wato mai baki irin na agwagwa, a kan santi 20, ekidina, wato mai ƙaya a baya, a kan santi 5.

1. Zana tsanin tun kafin ka duba dabbar

A gefen hagu na takardarka, daga sama zuwa ƙasa, ka rubuta hawa bakwai. Zan kira su da sunayen Hausa don mu fahimci juna: daula, babban reshe, aji, sahu, dangi, gida, nau'i. Tsakanin aji da sahu ka bar fili na hawa guda, wato ƙaramin aji, domin can ne ƙwai zai shigo.

Hawa biyu na sama ba su da gardama, cike su nan take. Daula ita ce Animalia, wato dabbobi duka. Babban reshe shi ne Chordata, inda duk mai ƙashin baya yake. Sauran ka bar su fayau tukuna.

2. Tambayi gashi da nono

Nan ne ake yanke hukuncin aji. Tambayoyi biyu ne: jikinta yana da gashi? Uwar tana shayar da ɗanta da ruwan nonon da jikinta ke samarwa? Idan amsar duka biyun e ce, rubuta Mammalia a hawan aji, ko da kuwa daga baya ka ji tana yin ƙwai, ko tana tashi sama kamar jemage, ko tana zaune a teku kamar dabbar dolfin. Idan ƙwarangwal ne a gabanka, akwai shaidu biyu da ba sa ƙarya: muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne tak a kowane ɓangare, sannan a cikin kunne akwai ƙananan ƙasusuwa uku. Filatifus da ekidina duk sun cika waɗannan sharuɗɗa.

Gargaɗi na farko ya shafi harshenmu. Da kalma ɗaya muke kiran gashin akuya da gashin kaza, alhali a kimiyya abubuwa biyu ne daban. Gashin tsuntsu yana da kara a tsakiya da rassa a gefe biyu. Gashin dabba mai shayarwa sili ɗaya ne, babu reshe. Ƙayar ekidina ma sili ce irin wannan da ta yi kauri ta taurare, kuma in ka duba tsakanin ƙayoyin za ka ga gashi mai laushi.

Gargaɗi na biyu shi ma na harshe ne. Kalmar nono tana nufin ruwan, tana kuma nufin gaɓar. Waɗannan dabbobi suna da ruwan nono, amma ba su da kan nono ko hantsa. Ruwan yana tsattsafowa ne daga wasu ƙananan kafofi a wurare biyu na fatar cikin uwar, ɗan ya kafa baki ya tsotsa. Don haka kada ka duba hoton cikinta, ka ga babu kan nono, ka fitar da ita daga aji. Na taɓa ganin jadawalin wani ɗalibi mai ƙoƙari ƙwarai wanda ya yi daidai a komai, amma wannan abu ɗaya ya sa ya mayar da filatifus cikin tsuntsaye, kuma duk abin da ya biyo baya ya rushe.

Gargaɗi na uku: tattabara tana ɗura wa 'ya'yanta wani farin abu mai kauri daga jakar maƙogwaronta. Wannan bai mai da ita mai shayarwa ba, domin ba daga jijiyoyin nono yake fitowa ba, kuma gashinta mai kara ne.

3. Yanzu ka tambayi yadda ɗan ke zuwa duniya

Sai bayan ka tabbatar da Mammalia za ka ɗauko wannan tambaya. Nau'o'in dabbobi masu shayarwa sun haura 6,000, kuma ta fuskar haihuwa sun kasu uku. Ka ja layi uku daga ƙarƙashin aji.

Layi na farko na masu mabiyiya ne, waɗanda ɗansu ke daɗewa a mahaifa yana samun abinci ta cibiya har ya yi ƙwari: mutum, doki, giwa, ɓera, jemage. Su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, kuma ana kiran su Eutheria ko Placentalia. Layi na biyu na masu jaka ne, irin su kangaru da kowala, masu haihuwar ɗa ɗan mitsitsi wanda zai rarrafa ya kama kan nono ya ƙarasa girma a can. Su ne Metatheria ko Marsupialia. Waɗannan biyun ana haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya, Theria, saboda dukansu haihuwa suke yi. Layi na uku shi ne namu: masu yin ƙwai. A hawan ƙaramin aji ka rubuta Prototheria, a hawan sahu ka rubuta Monotremata.

Gargaɗi: ita ma ekidina tana da jaka, kuma nan ne da yawa ke zamewa su kai ta wajen kangaru. Bambancin a bayyane yake. Jakar ekidina ta ɗan lokaci ce, tana fitowa a lokacin hayayyafa ta kuma shafe daga baya, abin da ke shiga cikinta kuwa ƙwai ne. Kimanin mako 3 zuwa 4 bayan barbara, uwar takan naɗe jikinta ta saka ƙwai guda ɗaya kai tsaye cikin jakar. Ƙwan bai kai santimita 2 ba, ɓawonsa mai laushi ne kamar jemammiyar fata, ba mai ƙwari irin na kaza ba. Bayan kwana 10 ko kusa da haka sai ɗan ya tsaga ɓawon da wani ɗan haƙori na musamman, ya fito tsirara, ba ido ba gashi, nauyinsa bai kai rabin giram ba. Da ƙananan hannayensa yake kama gashin uwar ya ja jiki zuwa inda nonon ke tsattsafowa. A nan zai zauna wajen mako 7, har ƙayoyinsa su fara tsirowa, sannan uwar ta mayar da shi rami, tana dawowa bayan 'yan kwanaki ta shayar da shi. Duk lokacin da na karanta wannan sai in tsaya in yi tasbihi.

Gargaɗi na biyu: kada ka juya ƙa'idar ka ce duk mai haihuwa mai shayarwa ce. Kasa tana haifo 'ya'yanta a raye, haka wasu manyan kifayen teku, amma ba su da gashi ba su da nono. Tun a mataki na 2 aka sallame su.

Wasu sababbin littattafai sun daina amfani da Prototheria, suna tsallakawa daga Mammalia zuwa Monotremata kai tsaye. Idan don jarrabawa kake yi, bi littafin da aka ba ka. Monotremata dai bai canja ba.

4. Idan babu ƙwai a hoton, nemi sauran alamomi

Da wuya ka sami hoton da ya nuna ƙwan, domin ko dai yana cikin jaka ko yana can ƙuryar rami. Saboda haka dole ka san sauran shaidun sahun.

Babbar shaida tana cikin sunan kansa. Monotremata daga kalmomin Girkanci biyu ne masu nufin kafa ɗaya. Fitsari da kashi da ƙwai duk ta ƙofa guda suke fita, kamar yadda yake ga kaza da ƙadangare. Ta biyu, manyansu ba su da haƙora. 'Ya'yan filatifus suna da su da farko, amma sukan zube, wasu taurarar faifai su maye gurbinsu don niƙa abinci. Ekidina kuwa ba ta taɓa yin haƙoran tauna ba. Ta uku, babu fatar kunne mai tsayi a waje. Ta huɗu, ƙafafunsu a baje suke zuwa gefe, shi ya sa tafiyarsu ke da rangaji. Ta biyar, namijin yana da ƙaimi a ƙafar baya, irin na zakara. Zafin jikinsu kuma ƙasa yake da na sauran, wajen digiri 32 a ma'aunin Selsiyas, alhali na mutum 37 ne.

Gargaɗi: ƙarancin zafin jiki bai sa sun zama masu sanyin jini kamar kada ba. Filatifus yana riƙe zafinsa yana iyo cikin ruwa mai tsananin sanyi na tsawon awoyi. Haka kuma kada ka rubuta cewa gauraye ne na tsuntsu da dabba, ko rabin ƙadangare ne. Wannan magana tana yawo, kuma kuskure ce. Dabbobi ne masu shayarwa cikakku, reshensu ne kawai daban.

5. Ɗora yatsa a taswira

Wannan mataki gajere ne amma yana rage wahala. Duk masu rai a wannan sahu, a daji, wuri biyu kawai ake samun su: Ostireliya, har da tsibirin Tasmaniya, da kuma tsibirin Niyu Gini da ke arewa da ita. An raba tsibirin nan biyu, yammacinsa na Indunisiya ne, gabashinsa ƙasar Papuwa Niyu Gini. Idan aka ce an ɗauki hoton a dajin Afirka ko Turai ko Amurka ko Indiya, to wata dabba ce mai kama da ita.

Gargaɗi: Niyu Gini ba ta da alaƙa da ƙasar Gini ta Afirka ta Yamma. Suna ne kawai ya yi kama.

6. Raba sahun gida biyu: na ruwa da na tudu

Ƙarƙashin Monotremata ka ja layi biyu, domin dangi biyu ne suka rage a raye. Tambayar da za ta raba su mai sauƙi ce: baki faffaɗa ne kamar na agwagwa, ko siriri ne kamar bututu?

Idan faffaɗa ne, jiki lulluɓe da gashi mai santsi babu ƙaya, wutsiya shimfiɗaɗɗiya, yatsu haɗe da fata, to dangin Ornithorhynchidae ne. Idan siriri ne, baya cike da ƙaya, farata manya na tona ƙasa, wutsiya kamar babu, to dangin Tachyglossidae ne.

Gargaɗi: nan ne bushiya da beguwa ke shigowa su ɓata lissafi. Ƙaya ba ta nuna dangantaka. Ka bar bayan dabbar, ka duba fuska. Bushiya tana da haƙora da kunnuwa a fili, tana haihuwar 'ya'ya da yawa a raye. Beguwa tana da manyan haƙoran gaba irin na ɓera, don a sahunsu take. Ekidina bakinta ɗan tsagi ne a ƙarshen bututu, iya faɗin da harshe zai fita ya koma. Sannan ka duba ƙafafunta na baya: farata suna kallon baya, ba gaba ba, kuma ɗaya ya fi sauran tsawo don susa tsakanin ƙayoyi. Haka dabgi, duk da shi ma gara yake ci da dogon harshe, mai mabiyiya ne, ba ya cikin wannan jadawali.

7. Kammala layin filatifus

Wannan layi ba shi da rassa. Dangi ɗaya, gida ɗaya, nau'i ɗaya: gida Ornithorhynchus, nau'i Ornithorhynchus anatinus. Ma'anar sunan ita ce mai bakin tsuntsu, mai kama da agwagwa. Yana zaune a koguna da ƙoramun gabashin Ostireliya da Tasmaniya, babu shi a Niyu Gini. Tsawon namiji kan kai santimita 50, nauyi kuma tsakanin ƙasa da kilo 1 zuwa kusan kilo biyu da rabi, mace ta fi ƙanƙanta.

A gefen sunan ka rubuta bayanin haihuwarsa, domin ya bambanta da na ekidina kuma ana yawan tambaya. Macen ba ta da jaka. Rami mai zurfi take haƙawa a gaɓar kogi, ta shimfiɗa jiƙaƙƙun ganyaye, ta saka ƙwai 1 zuwa 3, galibi 2, ta naɗe su tsakanin cikinta da wutsiyarta tana kwanci na kimanin kwana 10. Shayarwa takan ɗauki wata 3 zuwa 4.

Gargaɗi game da bakin: kama da na agwagwa a ido ne kawai. Na agwagwa ƙaho ne mai tauri, na filatifus kuwa fata ce mai laushi kamar roba, cike da dubban jijiyoyi masu jin motsi da kuma ɗan lantarkin da ke fita daga jikin ƙananan halittu idan sun motsa. In ka sami bidiyonsa a ƙarƙashin ruwa, ka lura da kyau: da ya nutse sai ya rufe ido da kunne da hanci gaba ɗaya, ya riƙa kaɗa kai dama da hagu a saman laka, yana tsintar tsutsotsi da jatan lande ya cusa a kumatu, sai ya taso saman ruwa sannan ya niƙa su. Babu tsuntsun da ke farauta haka.

Gargaɗi ga wanda Allah ya kai can: ƙaimin namijin filatifus yana da dafi, kuma ya fi yawa a lokacin barbara. Yana iya kashe kare, ga mutum kuma yana jawo kumburi da azabar ciwo mai daɗewa. Doka ma ta hana kama shi. A jadawalinka ka rubuta cewa dafin na namiji ne kaɗai, domin mace takan zubar da ɗan tsiron ƙaiminta tun tana ƙarama. Namijin ekidina yana da ƙaimi, amma ba ya harbi da dafi.

8. Ekidina: auna bakin

Dangin Tachyglossidae ya rabu gida biyu, kuma rularka za ta yi amfani a nan. A hoton gefe, ka kwatanta tsawon baki da sauran kai.

Idan bakin gajere ne, miƙaƙƙe, bai wuce rabin tsawon kai da yawa ba, gidan Tachyglossus ne, kuma nau'i ɗaya ne a cikinsa: Tachyglossus aculeatus, wato mai saurin harshe, mai ƙaya. Ita ce wadda aka fi gani a hotuna. Tana ko'ina a Ostireliya, daga hamada har duwatsu masu ƙanƙara, tana kuma wasu sassan Niyu Gini. Nauyinta kilo 2 zuwa 7, abincinta tururuwa da gara, harshenta mai danƙo kan miƙe har santimita 18.

Idan bakin dogo ne, ya ɗauki wajen kashi biyu cikin uku na kai, kuma galibi ya lanƙwasa ƙasa, gidan Zaglossus ne. Waɗannan a Niyu Gini kaɗai suke. Biyu daga cikinsu sun fi mai gajeren baki girma da tsawon ƙafa, ƙayoyinsu gajeru ne sun nutse cikin gashi, abincinsu kuma mafi yawa tana ce.

Gargaɗi: ekidinar Tasmaniya gashinta yana da yawa har yakan kusa rufe ƙayoyin, saboda sanyin wurin. Mai kallo zai ɗauka wani nau'i ne daban, ko ya kai ta gidan Zaglossus. Duba bakin, za ka ga gajere ne. Tachyglossus aculeatus ce, launinta da yawan gashinta ne kawai ke sauyawa daga yanki zuwa yanki. Haka kuma jin an ce Niyu Gini bai isa ka rubuta Zaglossus ba, tun da gidajen biyu duk suna can.

9. Ƙirga farata, ka sake duba taswira

Wannan shi ne mataki mafi wuya, kuma ban ga laifin wanda ya tsaya a gida ya ce bai iya kaiwa nau'i ba idan hotonsa bai nuna ƙafa ba. Hakan ya fi cinta. Nau'o'i uku ne a gidan Zaglossus.

Na farko Zaglossus bruijnii, ta yamma. Tana can ƙuryar arewa maso yammacin tsibirin, a ɓangaren Indunisiya, yankin da siffarsa a taswira ta yi kama da kan tsuntsu. Faratan ƙafarta ta gaba galibi 3 ne, wani lokaci 4.

Na biyu Zaglossus bartoni, ta gabas. Tana bin jerin tsaunukan tsakiyar tsibirin har zuwa gabashinsa. Faratan gabanta 5 ne.

Na uku Zaglossus attenboroughi, wadda aka raɗa wa sunan David Attenborough, mai shirye-shiryen talabijin kan halittu. Ita ce ƙarama a cikinsu, bakinta ya fi na 'yan'uwanta gajarta da miƙewa, kuma tsaunukan Cyclops da ke kusa da birnin Jayapura kaɗai aka san ta. An daɗe ba a da wata shaida a kanta sai gawa guda da aka samo a 1961, wadda da ita aka yi mata suna a 1998. Sai a 2023 kyamarorin da masu bincike suka ɗaure a dajin suka ɗauko ta tana tafiya da ranta.

Gargaɗi: farata kaɗai ba za su raba maka bartoni da attenboroughi ba, domin ita ma 5 gare ta. Wuri da girman jiki ne za su raba. Sannan idan ka karanta wani rubutu da aka yi kafin 2023 yana cewa wataƙila ta ƙare, ka san labarin ya sauya. Tsofaffin littattafai kuma sukan ce nau'o'in sahun nan uku ne kacal, saboda a da ana ɗaukar duk masu dogon baki a matsayin nau'i ɗaya. Lissafin yanzu 5 ne: filatifus 1, ekidina 4.

Ina ba da shawarar ka ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin kowane suna don halin da yake ciki, bisa jerin IUCN, ƙungiyar duniya mai bin diddigin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa. Mai gajeren baki ba ta cikin haɗari. Filatifus yana dab da shiga sahun waɗanda ake fargaba a kansu. Bartoni tana cikin masu rauni. Bruijnii da attenboroughi kuwa suna matakin haɗari mafi tsanani kafin ƙarewa, saboda farauta da sare dazuzzuka.

10. Rubuta sunayen bisa ƙa'ida

Maki da yawa a nan suke zubewa. Sunan nau'i kalma biyu ne: ta farko sunan gida, da babban baƙi take farawa, ta biyu da ƙaramin baƙi, ko da sunan mutum aka ɗauko ta. Da hannu, ka ja layi ƙarƙashin kowace kalma daban. A kwamfuta, ka karkatar da rubutun. Sunan dangi da sahu da aji suna farawa da babban baƙi amma ba a ja musu layi. Duk sunan da ya ƙare da idae, na dangi ne.

Gargaɗi: kada ka rubuta Platypus ko Echidna a hawan gida. Gaskiya ne George Shaw ya fara ba dabbar sunan Platypus a 1799, amma sai aka tarar an riga an ba wani gidan ƙwaro wannan suna, dole aka sauya. Echidna kuma a kimiyya sunan gidan wasu dogayen kifayen teku ne. Game da bruijnii, za ka ga wasu littattafai sun rubuta shi da i ɗaya a ƙarshe, duk dabba ɗaya ake nufi.

11. Mayar da jadawalin mabuɗi, ka gwada shi

A bayan takardar ka jera tambayoyin da ka bi, kowace amsarta e ko a'a, kowace amsa kuma ta kai ka tambaya ta gaba ko ta fitar da dabbar waje. Tana da gashi mai sili da ruwan nono? Tana yin ƙwai? Bakinta faffaɗa ne? Idan siriri ne, gajere ne? Idan dogo ne, faratan gaba sun kai 5? Idan sun kai, daga tsaunukan Cyclops take?

Sai ka gwada shi da dabbobin da ka san amsarsu tun farko. Saka agwagwa da kada: dole su faɗi a tambayar farko. Saka jemage, bushiya da kangaru: dole su wuce ta farko su faɗi a ta biyu. Idan ɗaya daga cikinsu ta kai tambaya ta uku, akwai inda ka sassauta, koma mataki na 2 da na 3 ka gyara lafazin tambayar. Daga nan ka miƙa wa wani da bai san komai a kan batun ba takardar da hotunan, ba tare da ka ce masa uffan ba. Inda ya tsaya yana jujjuya hoto, nan ne tambayarka ba ta fito ba.

Gargaɗi na wannan mataki: idan ka ci karo da sunaye irin su Steropodon ko Obdurodon ko Monotrematum, kada ka cusa su cikin biyar ɗin nan. 'Yan sahun Monotremata ne da suka ƙare tun zamani mai nisa, burbushin ƙasusuwa da haƙoransu kawai aka tono. Steropodon an same shi a Lightning Ridge ta Ostireliya, Monotrematum kuma a yankin Patagoniya na Ajantina, wanda ke nuna cewa a da sahun ya kai har Kudancin Amurka. Ka ware musu akwati daban a ƙasan takarda, ka rubuta masa “waɗanda suka ƙare”, ka sa ƙaramar alamar gicciye gaban kowane suna, kamar yadda littattafan kimiyya ke yi.